Ƙarfen Da: Tsofaffin Injinan Gida da Kamfanonin da Suka Ƙera Su, Daga Ohayo Zuwa Kamarawa

Tsakure

Wannan takarda ta fara da duba al'adar tara tsofaffin injinan zuƙe ƙura a Amurka da Ingila, da yadda masu wannan sha'awa suka wayi gari su ne ke riƙe da tarihin kamfanoni irin su Hoover bayan masana'antun sun rufe. Daga nan ta juyo gida, zuwa Kamarawa da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni a gabashin Sakkwato, inda injin shara bai taɓa samun gindin zama ba, amma keken ɗinki da keken hawa da rediyo suka samu. Hujjar takardar ita ce waɗannan tsofaffin ƙarafa shaidu ne masu ɗauke da kwanan wata a jikinsu, za su iya faɗa wa masanin tarihi lokacin da kuɗi da kayan kanti suka shigo iyakar Gobir da hanyar da suka biyo, kuma suna salwanta da sauri a hannun 'yan gwangwan da kuma dalilin gudun hijira.

Masu tara injin shara

A yankin Derbyshire na Ingila akwai wani mai gyaran injin shara, James Brown, wanda kundin bajinta na Guinness ya rubuta sunansa saboda ya tara nau'i 322 na injin zuƙe ƙura. A jihar Misuri ta Amurka, Tom Gasko ya buɗe gidan adana irin waɗannan injina a garin St. James a 2009. Tun cikin shekarun 1980 Amurkawa ke da ƙungiyar masu tara su, suna taro, suna musayar kayan gyara, suna gardama a kan wane samfuri ya riga wane fitowa. Wanda ya ji wannan labari a kasuwar Shinkafi zai iya cewa aikin wanda ya ƙoshi ne. Sai dai idan aka duba abin da ke hannun mutanen nan, za a ga sun ceci abin da kamfanonin kansu suka yi sakaci da shi.

Tarihin injin gajere ne, amma cike yake da faɗi-tashi. A 1901 wani injiniya Bature, Hubert Cecil Booth, ya yi rajistar injin da ke zuƙe ƙura maimakon hura ta. Girmansa ya kai sai doki ke jan sa. A ajiye shi a bakin titi, a zura dogayen mesa ta taga zuwa cikin gida. Da shi aka share darduman majami'ar Westminster kafin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Wanda ya mayar da shi abin da mace ɗaya za ta iya turawa a ɗaki shi ne James Murray Spangler, wani mai shara a wani kanti a garin Canton na jihar Ohayo, mai fama da ciwon asma, wanda ƙurar aikinsa ke neman kashe shi. Ya haɗa ƙaramin injin lantarki da akwati da sandar tsintsiya da rigar matashi, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1908. Ba shi da jarin da zai ƙera da yawa, sai ya sayar wa William Henry Hoover, mijin 'yar'uwarsa Susan, wanda sana'arsa dukanci ce, yana yin sirdi da linzami a daidai lokacin da mota ta fara kashe kasuwar dawaki. Spangler ya rasu a 1915, sunan Hoover kuwa ya bi injin har ya zama a Ingila da shi ake kiran kowane injin shara.

Hoover bai fi abokan takararsa fasaha ba, ya fi su iya talla ne. Ya sa sanarwa a jarida cewa kowa na iya gwada injin kwana 10 kyauta, ya kuma baza 'yan talla gida-gida. A Suwidin, Axel Wenner-Gren ya bi wannan hanya da kamfanin Electrolux da aka kafa a 1919. A Danmak akwai Nilfisk, wanda ya fito da nasa a 1910. Daga baya Numatic ya fito da Henry a 1981, James Dyson kuma ya fito da marar jaka a 1993, bayan ya ce ya gwada samfuri 5,127.

Ƙarshen Hoover shi ne abin lura. A 1992 reshensa na Ingila ya yi alkawarin tikitin jirgin sama kyauta ga duk wanda ya sayi kaya na fam 100, jama'a suka yi ca, kamfanin ya kasa cikawa, ya tafka asara mai yawa, har aka sayar da reshen Turai ga Candy na Italiya a 1995. Na Amurka ya bi hannu-hannu, daga Maytag zuwa Whirlpool, ya ƙare a hannun wani kamfanin Hong Kong a 2007, shekarar da aka rufe masana'antar Hoover ta North Canton. Kyakkyawan ginin Hoover na Landan, wanda aka gama a farkon shekarun 1930, ya koma kantin sayar da kayan masarufi da gidajen haya. Sunan yana nan a jikin kaya, amma ma'aikatan da injinan ƙirar sun watse. Wanda ke son sanin yadda aka ƙera samfurin 1936 yau, wurin masu tarawa zai je, ko ƙaramin gidan tarihin Hoover da ke North Canton.

Abin da ya hana shi zuwa Gobir

Injin zuƙe ƙura yana buƙatar abu biyu: darduma da ta rufe ɗaki, da wutar lantarki da za a dogara da ita. Ɗakin Bagobira a Kamarawa daɓe ne ko siminti, a bisa a shimfiɗa tabarma ko leda. Tabarma ana fitar da ita a kakkaɓe, leda a goge, tsakar gida kuwa a yayyafa ruwa a bi da tsintsiya tun da sassafe. Ƙurar hunturu da ke sauka daga arewa ba ta san iyakar ɗaki da waje ba. Ga shi wuta a gabashin Sakkwato ba abin da ake ɗora rayuwa a kai ba ne. Saboda haka inda ake ganin injin shara a ƙasar Hausa shi ne manyan masallatai masu kafet, da otal-otal, da gidajen masu hali a Sakkwato da Kano, yawancinsa ma na gwanjo ne.

Wannan rashi yana koyar da wani abu game da injinan da suka zauna. Duk injin da ya yi tsawon rai a wannan yanki, ƙarfin ɗan'adam ke tafiyar da shi ko batir, makanikin ƙauye na iya kwance shi ya mayar, kuma yana kawo kuɗi ko labari. Uku ne suka cika wannan sharaɗi tun zamanin Turawa: keken ɗinki, keken hawa, da rediyo.

Hanyar da suka biyo sananniya ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC. Daga Ƙaura hanya ta miƙe arewa ta Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni. Gyaɗa da auduga da fatu suna gangarawa kudu, kayan kantin UAC da John Holt da GBO suna haurowa. Ta ɗaya gefen iyaka kuma akwai Maraɗi da Madawa, inda kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA ke da nasu kantuna. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri 'yan'uwan juna ne tun kafin a ja layin iyaka. Tarihin rabuwarsu ya koma ga faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836. Auratayya da cin kasuwa ba su tsaya ba don an kafa tuta biyu. Shi ya sa a gida ɗaya ake iya samun kayan da suka sauka a tashar Ikko da waɗanda suka biyo ta Kwatano, kuma wannan shi ne abin da ya bambanta yankin da Kano ko Zariya a wajen mai bincike.

Keken ɗinki, shaida mai lamba

A rumfar tsohon tela, abin da ido ke fara gani shi ne baƙin kan keke, zanen ruwan zinarin da ke jikinsa ya goge a daidai inda yadi da tafin hannu suka shekara suna wucewa. Ƙafar ƙarfen zubi ce, da sunan kamfanin a tsakiyarta. Bel ɗin fata ya tsinke an ɗaure da waya, wani ma an musanya shi da igiya. A aljihun teburin akwai bobin, da guntun alli, da 'yar kwalbar mai. Idan aka tambayi mai shi, amsar da aka saba ji ita ce ɗan Ingila ne, ƙarfen da ne, na mahaifinsa ne ko na maigidan da ya koya masa aiki. Shekarar da aka saya ba kasafai ake riƙe ta ba.

Keken kuwa ya riƙe. A gaban gindinsa ta hannun dama akwai lamba da aka buga a cikin ƙarfen, kuma kamfanin Singer ya ajiye kundin da ke nuna shekarar da aka fitar da kowane rukunin lambobi da masana'antar da ta yi shi. Masu tara kekunan ɗinki sun sa wannan kundi a intanet, kowa na iya dubawa da wayarsa. Lambar da ta fara da Y ta masana'antar Clydebank ce a Sukotland, tsakanin 1920 da 1935. Wadda ta fara da E da wani harafi, kamar EA ko EF, ita ma ta can ce, daga 1935 zuwa gaba. Mai farawa da A da wani harafi ta Elizabethport ce a Amurka. Harafin K da ke bin lambar samfuri, kamar 15K ko 201K, yana nufin Kilbowie, unguwar da masana'antar Clydebank take. Wanda aka ƙera a wajejen 1951 yana da tambari na musamman mai shuɗin baki na cikar kamfanin shekara 100. Cikin minti kaɗan tela zai san shekarun kekensa, mai bincike kuma ya sami kwanan watan da babu shi a kowace takardar gunduma.

Kamfanin da ke bayan wannan ƙarfe yana cikin na farko-farko da suka mamaye duniya. Isaac Merritt Singer ya sami takardar mallakar fasaharsa a watan Agusta 1851. Abokin kasuwancinsa, lauya Edward Clark, shi ya fito da tsarin saye a biya kaɗan-kaɗan a 1856, dabarar da ta sa talaka ya iya mallakar inji yana biya daga abin da injin ke samo masa. Sun fara ƙira a Glasgow a 1867, suka koma babbar masana'antar Clydebank a tsakiyar shekarun 1880. Daga 1884 zuwa 1943 an ƙera kekuna kimanin miliyan 36 a can, kuma daga nan ne yawancin waɗanda suka shigo ƙasashen da Ingila ta mallaka suka fito. A 1911 ma'aikatanta sun yi wani yajin aiki da ya shiga tarihin ƙwadago na Sukotland, wanda ya faro daga mata 12 masu goge katakon teburi. An rufe masana'antar a 1980. Uwar kamfanin ta durƙushe a 1999, sunan ya koma hannun wasu. Majalisar yankin West Dunbartonshire ce yanzu ke riƙe da tarin kekuna da takardun masana'antar.

Abin da ya kashe Clydebank shi ne nagartar abin da ta ƙera. Samfuri na 15, wanda asalinsa ya koma 1879, yana da sauƙin kwaikwaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Japan suka dinga buga irinsa da araha, Indiya ma tana da Usha, Shanghai ta fito da Butterfly. Butterfly ɗin da ke cike da rumfunan teloli da kayan ɗakin amare a ƙasar Hausa yau jikan Singer 15 ne; allura da bobin ɗinsu suna shiga juna. Wannan ne ya sa tsohon Singer bai mutu ba ko da kamfaninsa ya daina aiko da kayan gyara. Kayan Sin sun raya ƙarfen Sukotland, abin da babu wanda ya shirya shi.

A ganin mai wannan takarda, nan ne tarihin yankin ya fi fitowa. Idan aka jera kekunan gari ɗaya bisa shekarunsu, za a ga lokacin da aka fara samun rarar kuɗin gyaɗa da auduga, a ga lokacin da kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya iso ƙauye, a ga inda Singer ya tsaya Butterfly ya karɓa, a kwatanta da faɗuwar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994. Dole a yi hattara da abu ɗaya: shekarar ƙira daban, shekarar isowa daban. Keken da aka yi a 1948 yana iya yin shekara 20 a Kumasi ko Ibadan kafin wani ɗan ci-rani ya dawo da shi gida a kafaɗa. Amma wannan ma labari ne. Samarin gabashin Sakkwato sun daɗe suna tafiya ci-rani kudu bayan kaka, cikinsu har da teloli masu yawo da keken hannu a kafaɗa suna kaɗa almakashi a unguwanni. Lamba tana ba da farkon tafiyar keke, bakin mai shi yana ba da sauran.

Akwai kuma ɓangaren mata, wanda rubutattun tarihin sana'a suka cika tsallakewa. Keken da ke cikin gida, wanda matar aure ke ɗinka kayan yara da zannuwan gado da shi ba tare da ta fita ba, jari ne nata na kanta, kuma yana bin hanyar gado daban da ta keken kasuwa: daga uwa zuwa 'ya, daga wannan gari zuwa wancan ta hanyar aure, wani lokaci ya ƙetare iyaka ya dawo.

Raleigh da rediyo

Keken Raleigh ya samo sunansa daga wani titi a birnin Nottingham, inda Frank Bowden ya kafa kamfanin a ƙarshen shekarun 1880. Tambarinsa kan zalɓe ne. Tallarsa da ta yi suna a Afirka ta Yamma hoton wani mutum ne a kan keke yana dariya, zaki na bin sa bai cim masa ba. Malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, ɗan kasuwa mai kai kaya daga wannan kasuwar mako zuwa waccan, duk burinsu su mallaki keken nan. Kasuwar Najeriya ta yi wa kamfanin girman da har ya kafa masana'anta a Kano. Phoenix na Shanghai ya zo ya raba kasuwar, babur ya zo ya kwashe saura. An daina ƙira a Nottingham a 2002, wani kamfanin Holan ya sayi sunan a 2012. Shi ma Raleigh yana da lamba a jikin ƙarfensa, mai giya kuma an buga wata da shekara a cibiyar ƙafar baya. Matsalarsa ita ce ba ya zama yadda aka ƙera shi: kaca, sirdi, burki, kariya, duk an sauya su sau da yawa, sai gangar jikin kawai ta rage ta asali.

Rediyo ya fi su saurin mutuwa, don ba a gyara shi da guduma. Duk da haka tsofaffin National da Philips masu rigar fata suna nan a wasu gidaje. Da irinsu aka saurari Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, da Rediyon Kaduna da ya fara a 1962, da Rima Rediyo, da Muryar Sahel daga Yamai. Mutumin iyaka yana jin ƙasa biyu da akwati ɗaya.

Tarawa ba baƙuwar al'ada ba ce

Za a iya cewa tara tsofaffin kaya don kallo ɗabi'ar Turawa ce. Ɗakin kowace tsohuwa a Gobir ya ƙaryata wannan. Jere tarawa ne da dukkan sharuɗɗanta: ana zaɓe, ana jerawa bisa tsari, ana sanin sunan kowane yayi, ana gane na asali da na kwaikwayo, kuma yawancin kayan ba a cin abinci a cikinsu. Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi da ya fito a 1997, ta bi yadda kayan ɗaki suka tashi daga ƙorai zuwa kwanonin sha da tasoshi na kanti, da abin da wannan ke nufi ga dukiyar mace da darajarta. Kwanonin nan su ma suna da tambarin masana'anta a gindinsu, wasu na Turai, wasu na Hong Kong da Sin, wasu na masana'antun da aka kafa a Ikko da Kano wajejen samun 'yancin kai. Ƙwarewar da ake buƙata don wannan aiki tana nan a gida. Abin da babu shi ne rubutawa.

Abin da ke cinye su

Abu uku ke raba yankin da waɗannan kaya. Na farko 'yan gwangwan, masu bin gida-gida da kura da ma'auni. Ƙafar tsohon Singer ƙarfen zubi ce mai nauyi, saboda haka a ma'auni ta fi kan keken daraja. Magajin da bai gaji sana'ar ba, ga yunwa, ga mai saye a ƙofar gida, ba za a ga laifinsa ba. Ƙarfen da aka zuba a Sukotland yana ƙarewa a tukunyar narka rodi.

Na biyu jita-jita. A watan Afrilu 2009 labari ya bazu a Saudiyya cewa tsofaffin kekunan Singer na ɗauke da wani sinadari mai tsada da ake kira jan makuri. Mutane suka riƙa kara wayar salula kusa da allura, wai idan sabis ya ɗauke to akwai shi, farashin keke ɗaya ya kai riyal dubu 200 a bakin masu talla, har aka fasa shagunan teloli. Babu wannan sinadari, yaudara ce. Irin wannan magana ta sha ɓullowa a ƙasashen Afirka game da tsohon keke da dutsen guga na gawayi da agogon bango, kuma duk inda ta ratsa sai an farfasa kayan da suka fi tsufa, wato waɗanda suka fi amfani ga tarihi.

Na uku shi ne mafi ciwo. Isa da Sabon Birni suna cikin ƙananan hukumomin da ta'addancin 'yan bindiga ya fi ɗaiɗaitawa. A watan Mayu 2020 an kashe fiye da mutum 70 a hare-hare kan ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A watan Disamba 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar da ta fito daga garin. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi, wasu sun cika Isa da Sabon Birni da Sakkwato. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar teburin ƙarfe. Tela yakan cire kan keken ya naɗe a zani, don da shi zai ci abinci a inda ya sauka, ya bar ƙafar a ɗaki. Wasu kekunan an sayar da su don haɗa kuɗin fansa ko harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari. Babu wanda zai daidaita asarar ƙarfe da asarar rai, kuma takardar nan ba ta yi haka ba. Amma idan ƙura ta lafa aka zo rubuta yadda garuruwan nan suka rayu kafin masifar, za a nemi shaida, kuma wadda ke hannu yau ba lallai ta kai lokacin ba.

Doka ba ta kare su. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta fi karkata ga abin da aka tono daga ƙasa da aikin hannun 'yan ƙasa, musamman na kafin 1918. Keken da aka ƙera a Clydebank a 1938, ya yi shekara 80 yana ɗinka rigunan sallar Gobirawa, ba ya cikin lissafi. Gidan Makama a Kano da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato sun yi ƙoƙari wajen takubba da sulke da rubuce-rubucen malamai, wanda ya dace. Ƙarni na 20 na talaka ne ba shi da ɗaki.

Rajista kafin gidan tarihi

Shawarar takardar ba ta kwashe kaya daga hannun masu su ba ce. A nan ne ya kamata a saɓa wa masu tarawa na Amurka da Ingila. Su suna tara abin da ya daina aiki, wanda matan gida suka jefar. Keken Kamarawa yana ciyar da iyali. Raba tela da shi don a sa a bayan gilashi zalunci ne, kuma zai yanke keken daga bakin da ya san labarinsa. Abin da za a ara daga wurinsu shi ne tsantseni: rubuta lamba daidai, ɗaukar hoton tambari, bambance asali da gyara.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ɗalibin tarihi ɗan yankin, da waya mai kyamara da littafin rubutu, zai ɗauki hoton keke gaba ɗaya, da lambarsa, da tambarinsa, sannan ya zauna da mai shi. Tambayar ba ta hukuma ba ce, ta ɗa ce ga uba: Baba, wa ya fara hawa keken nan, a ina ya saye shi, da kuɗin me, wa ya koya a kansa? A cikin gida ɗaliba ce za ta shiga wurin Inna ko Gwaggo. A rubuta gari, a ɓoye sunan mutum da unguwarsa, domin a halin da ake ciki bayyana abin da wani ya mallaka na iya jawo masa bala'i, kuma tsohuwar jita-jitar makuri na iya farfaɗowa idan aka ga baƙi na ɗaukar hoton kekuna. Saboda haka sai an bi ta hannun shugabannin ƙungiyar teloli da masu unguwanni, an yi bayani a fili cewa ba saye aka zo yi ba.

Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi su ne suka fi dacewa su riƙe kundin tare, tunda kayan da mutanen duk sun ratsa iyakar. Cibiyar Waziri Junaidu kuma za ta iya ware ɗan kuɗi ta riƙa sayen abin da ya riga ya isa ma'aunin 'yan gwangwan, ta biya sama da kuɗin kilo kaɗan. Wannan kaɗai ne wurin da saye ya halatta. Shiga ƙauyukan Isa da Sabon Birni yanzu kasada ce da bai kamata a jefa ɗalibi a ciki ba, don haka zagayen farko sai a yi shi a inda mutanen suka sauka: rumfunan telolin da suka yi hijira zuwa cikin Sakkwato, da garuruwan yankin Gidan Rumji da suka karɓi 'yan gudun hijira, sannan a bi da manyan garuruwan biyu idan hanya ta yi kyau.